Ciwon maƙogwaron yara da farantin jinin tunkiya

Tun da aka turo ni ɗakin gwaje-gwaje a wani asibiti da ke yankin Gwaram, ba abin da ke tsaya min a rai kamar ciwon maƙogwaron yara. Da yawa wajen wanzami ake fara kai su a cire beli, sai zazzaɓi ya ƙi sauka sannan a zo mana.

Makon jiya wata baiwar Allah ta kawo jikanta. Na ce, "Inna, riƙe min kansa," na shafo can cikin maƙogwaron da auduga a kan tsinke. Bakin mutum cike yake da ƙwayoyin da ba sa cutarwa. In ka shuka su a faranti na gama-gari, wato ɗan farantin da muke zuba wa abincin ƙwayoyin cuta don su tsiro mu gane su, sai su rufe wadda kake nema kamar yadda ciyawa ke shanye gero. Shi ya sa nake son faranti na musamman, mai jinin tunkiya kashi 5 cikin ɗari, wanda aka zuba wa irin maganin da ke cikin Septrin. Yana danne yawancinsu, ita kuwa Streptococcus rukunin A, ƙwayar ciwon maƙogwaron da nake nema, ta tsiro abinta. A kansa na shuka abin da na shafo. Bayan awa 24 a ɗumin digiri 35 zuwa 37, wani lokaci sai an kai 48, na ga ɗigo-ɗigo ƙanana, kowanne da zobe garai inda ta narkar da jinin.

Likita ya rubuta masa amokisilin na kwana 10. Na roƙi Inna kada ta tsayar don yaro ya fara cin tuwo, domin wannan ƙwaya in an yi sakaci da ita tana iya taɓa zuciyar yaro har girmansa. Allah Ya ba shi lafiya.