Yadda na fara sayar da atamfa daga kan waya

Yawancin matan da suke min magana akan suna son fara sana'a, maganarsu ɗaya ce, wai babu jari. Toh ni dai da na fara saida atamfa ba ni da shago ba ni da ko turmi ɗaya nawa na kaina, waya ce kawai a hannuna sai kuɗin adaidaita daga Dorayi zuwa Kantin Kwari. Akwai wani Alhaji abokin babanmu da yake da shago a ciki, naje na gaishe shi na faɗa masa abinda nake so, yace "ba komai 'yata, ɗauki hoton duk wadda ta miki, in kin samu mai so kizo ki biya ki ɗauka." Haka na dinga yi, in ɗauki hoto in sa a status na WhatsApp, wadda ta gani tana so ta turo kuɗi, ni kuma in shiga kasuwa in karɓo in kai mata ko in ba ɗan aike. Sai da na samu masu saye na dindindin sannan na shiga adashi, ranar da na kwashi nawa na saro kayana na farko.

Hoton nan kar ki raina shi. A cikin shago fitila tana canza kalar atamfa, mai ruwan toka sai ta fito kamar shuɗiya, shi yasa nake roƙon yaron shago ya fito min da ita bakin ƙofa inda rana take, ya ware ta sosai zanen ya fito, in ɗauka har da tambarin da ke jiki. Kuma ina faɗa wa mace gaskiya in tana zuba ko in ba ta da nauyi, saboda mace ɗaya in ta ji kin cuce ta toh duk 'yan gidan bikinsu sun ji.

Amma abinda nafi so ku gane shine maganar farashi, don anan ne jari yake narkewa mutum bai sani ba. Misali kin saro turmi mai yadi 6 akan N10,000 kin sayar N11,500, sai kiga kamar kin ci N1,500. Ina kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, ina leda, ina data da kike sa status da ita, ina ɗan abinda kika ba yaron da ya ɗauko miki kaya zuwa bakin titi, ina cajin da mai POS ya cire? In kika cire waɗannan wani lokacin abinda ya rage ko katin waya ba zai saya ba. Ni littafi na saya na 'yan makaranta, ko ruwan leda na sha a kasuwa sai na rubuta.

Sannan akwai wadda ta fi wannan zafi. Tunda aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, dala ma ta tashi, kuma yawancin atamfar da ke Kwari daga waje ake shigo da ita musamman daga China, sai ya zama kayan da kika saro wannan satin in kin koma wani satin an ƙara musu kuɗi. Na ga mata da yawa suna murna sun sayar da turmi 20 tas, su koma kasuwa da uwar kuɗi da ribar gaba ɗaya amma turmi 17 kawai zata iya saro musu, a haka a haka har sana'ar ta mutu kuma wallahi kullum suna ciniki. Shi yasa ni kafin in faɗi kuɗin kaya sai na kira kasuwa naji nawa ake bayarwa yau, akan farashin yau nake ɗora ribata ba akan na ranar da na saro ba. Wasu suna cewa ai wannan tsawwalawa ne, ni ban ga haka ba, in ban iya mayar da turmin da ya fita ba toh ban sayar ba, kyauta nayi.

Bashi kuma, an ce hanji ne yana cikin kowa, amma ƙaramin jari baya ɗaukarsa. Waɗanda suka fi wahalar hanawa 'yan uwa ne, Anti zata ce "kawo min biyu in albashi ya shigo zan turo", ke kuma kunya ta hana ki magana. Abinda nake yi yanzu shine ince "Anti kiyi haƙuri kuɗin adashi ne, amma ki bada rabi in ajiye miki ranar da kika cika ki ɗauka", kuma har ga Allah ba wadda ta daina gaisawa dani akan haka.

Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 kowa ya koma transfa, daga nan alat na bogi ya yawaita, don haka ko an turo min hoton rasit sai na buɗe asusuna na ga kuɗin da idona kafin kaya su bar hannuna, balle waɗanda zan kai tasha in ba direba ya tafi dasu wani gari. Asusun ma na raba shi da na cefane, daga baya nayi rijistar sunan kasuwancin a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rijista, na buɗe asusu da sunan, 'yan nesa sun fi sakin jiki su turo kuɗi in sun ga haka.

Ciniki yana da lokacinsa. Kafin azumi ya shiga nake saro kayan sallah, don in aka kai goman ƙarshe Kwari ko wajen sa ƙafa babu, kaya sun yi tsada, teloli ma sun daina karɓar ɗinki. Bayan sallah kuma kasuwa takan yi sanyi sai dai anko na biki, shima bana saro anko sai kowacce ta biya nata tukunna. Har yanzu ban kama shago ba, a ɗaki nake ajiye kayan cikin akwati biyu, kuɗin hayar da zan biya gara in ƙara turame dashi zuwa baɗi in Allah ya kaimu.