Saƙon Godiya Kan Gyaran Amsa-kuwwar Masallacinmu

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin masallacin unguwarmu da ke nan Jega, ina miƙa godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana har Allah Ya kawo ƙarshen matsalar amsa-kuwwar da ta addabe mu tun farkon azumi. Masu halartar tafsiri sun san halin da muka shiga, domin da zarar an kunna amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, sai wani ƙugi ya cika masallacin, idan kuma Malam ya ɗaga murya sai kalmomin su riƙa fashewa a lasifikokin waje, har iyayenmu mata da ke saurare daga cikin gidaje suka aiko cewa ba sa gane karatun.

Godiya ta musamman ga mai gyaran da ya taso daga Birnin Kebbi da azumi a bakinsa. Mun riga mun fara karo-karo don sayen sabuwar na'ura, shi ne ya ce mu dakata tukuna. Da ya zare wayar makirfo sai ƙugin ya ragu amma bai ɗauke ba, nan take ya ce matsalar ba ɗaya ba ce. Ashe an ɗaure wayar makirfon tare da wayar fanka, ragar kariya da ke lulluɓe da wayar makirfon kuma ta tsinke, saboda haka take kwasar ƙugin wutar lantarki, wadda ke juyi sau 50 a kowace daƙiƙa. Ragowar ƙugin daga kafasitoci biyu masu tace wuta yake fitowa, waɗanda zafi da tsufa suka kumbura su, ya kuwa canza su.

Fashewar muryar ce ta fi cin lokaci, kuma dole mu amsa cewa laifinmu ne. Amfilifayarmu mai wat 120 ce, tana tura sauti ta cikin taransifoma zuwa layin bolt 100, amma bara muka ƙara lasifika biyu ba tare da lissafi ba, suka zama shida, kowace an saita ta a wat 30, jimla 180 ke nan. Ga shi kuma an mirɗa maɓallin bas, wato mai ƙara kaurin sauti, har ƙarshe, wai don murya ta yi kwarjini. Ya yi mana bayanin cewa ƙarfen cikin taransifoma yana da iyakar maganaɗisun da zai iya ɗauka, sauti mai kauri ne kuma ya fi saurin cika shi, idan kuwa ya cika sai taransifomar ta riƙa zuƙar wuta fiye da kima, amfilifaya ta ɗauki zafi, murya ta lalace. Ya mayar da kowace lasifika kan wat 15, ya rage bas, sannan ya sa ladan ya gwada kiran salla sau uku kafin ya yarda ya tattara kayan aikinsa.

Muna kuma godiya ga matasan da suka hau rufi cikin wannan rana suna sake jan waya, da bawan Allahn da ya biya kuɗin kayan gyara ya ce kada a ambaci sunansa. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Kuɗin karo-karon da aka tara suna hannun ma'aji, za a tattauna a kansu bayan sallar Juma'a. Muna roƙon jama'a kada kowa ya taɓa maɓallan da aka yi wa alama da jan fenti.