Yadda na bi haƙƙinmu wajen wanda ya yaye mana rufi ya gudu

Da misalin ƙarfe biyu na dare ƙanwata ta kira ni, muryarta na rawa. Ruwan farko ne na damina, ya zo da iska mai ƙarfi, ta kuma ɗage tamfol ɗin da aka rufe ɗakin Hajiya da shi. Na iso gidan na tarar an jera bokitai da robobin wanki a tsakar ɗaki, katifa ta jiƙe sharkaf, silin ya kumbura yana ɗiga. Mahaifiyarmu, mace mai shekara saba'in da ɗoriya, tana zaune a kan kujera a zaure, ta lulluɓa da mayafi tana jan carbi. Ba ta ce mini komai ba, kuma shirun nata ya fi faɗa ciwo a wurina, domin ni na kawo mutumin da ya yaye rufin.

Wata biyu kafin wannan dare muka yi ciniki da shi. Wani abokina ne ya haɗa mu, ya ce tare suke sallah, kuma ya ga aikinsa. Mutum ne mai fara'a da ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaida Hajiya. Muka daidaita a kan naira miliyan 1 da dubu 900: zai cire tsohon kwanon ɗaki uku da falo, ya sa sabon katako mai maganin gara, ya rufe da dogon kwano mai kaurin milimita 0.55. Ya ce kaya na tashi kullum, gara a saye su gaba ɗaya. Na tura masa miliyan 1 da dubu 300 ta banki. Ba mu rubuta komai ba. Na yi tunanin kawo maganar takarda, sai kunya ta hana ni, ina ganin kamar zai ɗauka ban yarda da shi ba, ga shi kuma abokina yana zaune a wurin.

Mako na farko aiki ya yi sauri. Ya yaye rufin duka, ya kwashe tsohon kwanon a mota ya ce zai sayar a rage mini a ciko. Ya rufe falo da ɗaki ɗaya. Daga nan sai aka shiga "ina hanya", "gobe in Allah ya kai mu", "yarona ne ba lafiya". Bayan kwana ashirin wayar ma ta daina shiga.

Washegarin ruwan na tafi ofishin 'yan sanda raina a ɓace. Jami'in da na samu ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, wannan maganar ciniki ce tsakaninku, kotu za ka je." Na fito ina ganin an wulaƙanta ni. Da yamma na je wurin wani lauya da muka yi makaranta tare, na zayyana masa komai. Ya ce jami'in bai yi laifi ba, domin sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa bashi. Sai ya yi mini tambayar da ta canza yadda nake kallon al'amarin: "A cikin abin da ya faɗa maka, wanne ne ƙarya tun a lokacin da yake faɗarsa?"

Na ɗauki lokaci kafin na gane inda ya dosa. A wurin doka, wanda ya karɓi aiki da niyyar yi, sai kuɗi suka ƙare masa ko ya yi lissafi ba daidai ba, daban yake da wanda ya shirya ƙarya don ya raba ka da kuɗinka. Na farkon ƙarar neman haƙƙi ake kai shi, kotu ta sa ya biya. Na biyun ya aikata laifi. Barista ya buɗe mini kundin Penal Code, wanda shi ne ake aiki da shi a Arewa. Sashe na 320 ya bayyana zamba: ka yaudari mutum har ya miƙa maka dukiyarsa, hukuncinta kuma a sashe na 322 yana kaiwa ɗaurin shekara 3. Sashe na 311 da 312 sun yi magana kan cin amana, wato a damƙa maka dukiya don wani abu takamaimai ka karkatar da ita, shi kuwa yana kaiwa shekara 7. A ranar ne ma na san cewa "419" da muke faɗa kullum lambar sashe ce a kundin laifuka na Kudu. Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara, wadda hukuncinta ya kama daga shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba, ta kuma ba kotu ikon sa mai laifi ya mayar da abin da ya ci.

Ya ce mini, "Duk waɗannan suna nan a rubuce, amma alƙali ba ya hukunci da ɓacin ranka. Je ka nemo abin da za a iya taɓawa da hannu."

A nan aikin gaske ya fara. Na ɗauko wani dattijon kafinta na unguwarmu, wanda da shi ya kamata na fara tun farko. Ya hau tsani, ya sa farce ya kankari katakon da aka kafa, ya shinshina yatsansa, ya miƙo mini. Warin baƙin mai ne, irin wanda ake juyewa daga injin mota. An shafa shi ne don katakon ya yi duhu kamar an sa masa magani. Ƙarƙashin shafen kuwa itacen ɗanye ne, har ya fara lanƙwasa. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wannan ko damina biyu ba zai yi ba." Sannan ya aiko yaronsa da ɗan ma'aunin da masu sayar da kwano suke matse gefen falle da shi. Muka gwada wuri huɗu, babu inda ya kai 0.40.

Sai na tuna ya taɓa turo mini hoton rasit ta WhatsApp, ranar da na matsa masa da tambaya. Na bi sunan shagon da ke jiki. Mai shagon ya buɗe littafinsa na kwafi, muka nemo lambar. Ranar ɗaya ce, lambar ɗaya ce, amma a kwafinsa kwano mai arha ne, kuma bai kai rabin adadin da ke hoton da aka turo mini ba. An ƙara lambobi da biro kafin a ɗauki hoton. Na tsaya a bakin shagon nan jikina ya yi sanyi, domin har zuwa wannan lokaci ina ba shi uzuri a zuciyata, ina cewa ƙila wata matsala ce ta same shi.

Na tattara komai a fayil ɗaya: takardar banki mai nuna kuɗin da na tura, hoton rasit da hoton kwafin mai shago, hotunan ɗakin Hajiya a daren ruwa, da saƙonnin murya inda yake cewa da bakinsa ya sayi kwanon ɗakunan duka yana ajiye a shago. Barista ya ce kada in goge ko ɗaya, kada kuma in canza waya, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi irin waɗannan a kotu idan an cika sharuɗɗansa. Da ban riƙa tura masa saƙo a rubuce ina tambaya ba, da yanzu maganata ce kawai da tasa.

Wurin Hajiya na fi shan wuya. Da ta ji maganar kotu ta ce, "A bar wa Allah. Yana da iyali, kada a ce ta dalilinmu aka ɗaure uban wasu." Na ce, "Hajiya, ba ɗaurinsa nake nema ba, rufinki nake nema." Ba ta amsa ba sai bayan da muka gano cewa wata bazawara mai marayu huɗu, a unguwar da ke maƙwabtaka da mu, ita ma ta ba shi kuɗin adashinta don gyaran bango ya yi mata haka. Da ta ji wannan sai ta yi shiru, can ta ce, "To, ka je, amma kada ka ƙara masa ko kwabo a kan abin da ya ci." Ni dai ina ganin wannan "a bar wa Allah" da muke yawan faɗa, wani lokaci haƙuri ne na gaske, wani lokaci kuma ita ce take ba irin waɗannan mutane damar zuwa gida na gaba. Da wanda aka fara cuta ya ɗaga murya, da kuɗin marayun nan ba su shiga hannunsa ba.

Mun fara da sulhu, kamar yadda aka saba. Mai unguwa ya aika a kira shi sau biyu, bai zo ba. Yayansa ya zo ya ba da haƙuri, ya tafi, shi ke nan. Barista ya nuna mini hanyoyin da suka rage. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai sauraron koken masu saye. Sashe na 130 nata kamar don irina aka rubuta shi: wanda ya karɓi aikinka wajibi ne ya gama a kan lokaci, ya sanar da kai idan jinkiri ya zama dole, ya yi aiki mai ingancin da mai hankali zai sa rai, ya yi amfani da kaya marasa aibi, in ya kasa, kana da ikon neman ya gyara ko ya mayar maka da wani kaso na kuɗinka. Akwai kuma kotunan ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019, waɗanda aka fara da iyakar naira miliyan 5, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Da a ce kasawa kawai ya yi, can zan nufa. Amma rasit ɗin da aka yi wa ƙari ya mayar da maganar ta laifi, don haka muka rubuta ƙorafi kai tsaye zuwa kotun majistare, kotu ta umarci 'yan sanda su bincika. Wannan karon, da fayil a hannuna da takardar kotu, ba wanda ya ce mini maganar ciniki ce.

Cikin kwana tara aka same shi a wata unguwa, yana kan rufin wani gidan. Ranar da muka haɗu a harabar kotu ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce kuɗina ya toshe ramin wani aiki da su, yana sa ran na gaba ya toshe nawa. Haka yake juyawa tun shekarun baya: kuɗin wannan ya gama aikin wancan, har ranar da igiyar ta tsinke. Na ji tausayinsa a wannan lokaci, ban kuma janye ba.

An yi sulhu a gaban kotu. Dattijon kafinta ya ƙiyasta abin da aka yi da abin da aka kwashe, aka tsayar da naira dubu 850 a kansa, zai biya kashi-kashi, yayansa ya tsaya masa, aka sa hannu. Ita ma bazawarar aka rubuta nata. Sai da aka yi wata takwas kafin kuɗin su cika, kuma kafin nan farashin kwano ya tashi, abin da suka saya bai kai abin da za su saya a farko ba. Kuɗin mota, kwanakin aiki da na rasa, da katifar Hajiya, duk ba su shiga lissafi ba. Damina guda ta yi a ɗakin ƙanwata.

Da rani ya shigo na ba dattijon nan aikin. Wannan karon na zauna na rubuta shafi ɗaya da Hausa. Na sa sunansa da inda yake zaune, ɗakunan da za a rufe, kaurin kwano da adadinsa, irin katako da maganin da za a sa masa a gabana, ranar farawa da ranar gamawa, da wanda zai ɗauki tsofaffin kayan da aka cire. Kaya ni zan saya da kaina: muka je 'Yan Katako a Na'ibawa tare, muka je Ƙofar Ruwa, yana zaɓa ina biya ina karɓar rasit da sunana. Kuɗin aiki kashi uku, na ƙarshe sai an yi ruwa an ga babu ɗiga. Duk kuɗin da na tura ta banki ina rubuta dalilinsa a wurin bayani. Mai unguwa da limamin masallacinmu suka zama shaidu. Liman ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma mutanen da aka fara yi wa umarnin sun fi mu amana nesa ba kusa ba.

Na miƙa wa dattijon takardar gabana na faɗuwa, ina tsoron kada ya ga na raina furfurarsa. Ya sa yaronsa ya karanta masa sau biyu. Sai ya ce, "Ɗana, saura abu ɗaya. Rubuta cewa duk matakin da na gama, za ka biya ni cikin kwana biyu. Mu ma ana cinye mana gumi, akwai gidan da nake bi kuɗin aiki yau shekara uku." Na karɓi biro na ƙara layin a ƙasa, ya dangwala yatsa, ni ma na sa hannu.