Asuba a Bakin Tafkin Tabalak

Daga Tawa zuwa Tabalak kamar kilomita 50 ne a hanyar Agadas, kafin a kai Abalak. Na shiga motar haya bayan azahar, don mai son hoton tsuntsun ruwa sai ya kwana kusa da ruwan. In ka taso daga Tawa da safe, kafin ka iso rana ta ɗaga, haske ya yi kaifi, tsuntsaye sun watse. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe duwatsun Adar har ba ka ganin ƙarshensu.

Na sauka gidan wani dattijo masunci da aka haɗa ni da shi. Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tafki, shi a gaba da tocila, ni a baya da kyamara nannaɗe cikin rawani saboda ƙura. Muka ratsa lambunan albasa har ƙafa ta fara nutsewa cikin laka.

"Nan za ka zauna, yaro," ya ce. "Ka ba gabas baya, kada ka miƙe."

"Baba, ba mu yi nisa da su ba?"

"Su za su zo."

Na shimfiɗa buhu na kwanta rub da ciki, gwiwar hannu cikin taɓo mai sanyi. Daga ƙasa, ido da ido da tsuntsu, hoton ya fi rai, bayansa kuma ya narke ya zama launi ɗaya. Da farko murya kawai nake ji, kirinjijiya na fito a can tsakiyar ruwa, zakaran ƙeƙuwa na ta ƙara kamar an taɓa masa gida. Sai rana ta ɓullo ja ta cikin hazo, ruwan ya ɗauki launin jan ƙarfe.

Ladin kogi ce ta fara matsowa. Jikinta fari da baƙi, baki siriri, ƙafafu jajaye dogaye ƙwarai. Tana ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ruwa na ɗiga daga yatsun, ta ajiye, ta cafki ƙwaro a saman ruwa. Na sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa don ɗigon ya tsaya cak, na ƙara ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, tunda hazo ya cinye haske, na saita a kan idonta. Bayanta wani zalɓe ya daɗe tsaye bai motsa ba, wuya a lanƙwashe, har sai da ya soki ƙaramin kifi ya juya shi ta kai ya haɗiye. Balbela kuwa sai ka rage haske kaɗan, in ba haka ba farinta ya ƙone, gashin ya ɓace.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne ƙananan tsuntsaye masu launin ruwan ƙasa da ke caccakar laka garke-garke. Yawancinsu baƙi ne. A Turai da arewacin Rasha suke ƙyanƙyasa, su ƙetare Sahara su yi sanyi a tafkunanmu, wajen Maris ko Afrilu su koma. Saboda irin wannan aka sa Tabalak cikin wuraren dausayi na Ramsar, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayi, a 2005. Shi ya sa ba na son ɗabi'ar wasu masu hoto ta jifa ko tafi don garke ya tashi a samu hoton fukafukai. Tsuntsun da zai sake ratsa hamada kitse yake tarawa, kowace tashi a banza kuwa ragi ce a guzurinsa.

Da hantsi ya yi, shanu suka gangaro shan ruwa, masu koma suka tura kwalekwale, na rufe kyamara. Ko gilashin kyamarar ban canza ba sai a ɗaki, don ƙurar hunturu in ta shiga ciki kowane hoto sai ya fito da tabo.

A hanyar komawa Baba ya nuna mini bakin wani ƙorama inda yashi ya taru. Ya ce duk damina ruwa na kwaso yashi daga tudu ya zuba, wurin da yake jefa koma da ƙuruciya yanzu gona ce. Ya roƙi in ɗauki wurin ma, in turo wa ɗansa ta WhatsApp, yana so ya nuna a taron masunta.