Sabis ya cika taf amma gem na ta tsalle: maganar ekstenda

Masu buga gem da ke shirin sayen ekstenda (na'urar ƙara wa waifai nisa) saboda ɗakinku ya yi wa rauta (na'urar da ke raba waifai a gida) nisa, don Allah ku ɗan dakata tukuna. Ekstenda tana aikinta kam, za ta kai maka waifai har lungun da da ba ya kaiwa, ka ga sabis ya cika a waya ko a PS5 ɗinka, to amma cikar nan tsakaninka da ekstenda ce kawai, ba ta nuna maka halin da ake ciki tsakanin ekstenda da rauta, alhali a can rigimar take.

Waifai kamar oba-oba yake, in ɗaya na magana a tasha dole sauran su yi shiru su jira. Ekstenda mai rediyo ɗaya, wato hanya ɗaya ta karɓa da tura saƙo, sai ta saurari rauta ta gama sannan ta maimaita maka a kan tashar nan dai, haka in ka danna harbi, saƙon sai ya hau iska sau biyu kafin ma ya bar gidan. Shi ya sa gudun intanet ke faɗuwa kusan rabi.

Ni gudun ma bai dame ni ba, gem ba ya cin data sosai lokacin bugawa. Abin da ke ƙona min rai shi ne ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, da ba ya zama wuri ɗaya, yanzu yana ƙasa anjima ya yi sama, saboda duk saƙon da ya ɓace a iska sai an sake turo shi, ga waifai ɗin maƙwabta, ga Bluetooth duk sun cunkushe a zangon waifai na 2.4 GHz inda tashoshi uku ne kacal ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11. Sabar gem ɗin harbi na Valorant sau 128 take sabunta wasa a daƙiƙa guda, wajen milisakan 8 ke nan kowane zagaye, to ka ga tsaiko kaɗan ya isa ka ɓuya bayan bango amma a kashe ka, ko ka ga ɗan wasanka ya yi gaba an fizgo shi baya. Gara min ping mai ɗan yawa da ke tsaye cak.

Gwada da kanka. A Windows buɗe Command Prompt ka rubuta ping -t da adireshin rautarka, yawanci 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1, ka zuba wa lambobin ido. In ka jona kwamfutar da rauta ta kebul, da ƙyar ping yake wuce milisakan 1.

Kebul ɗin dai shi ne magani, irinsa da ake kira Cat5e na kaiwa mita 100. In ba hali, nemi ekstenda mai zango biyu (2.4 GHz da 5 GHz) ta riƙa magana da rauta a 5 GHz, ka ajiye ta a tsakiyar hanya inda sabis ke da ƙarfi, kar ka kai ta cikin ɗakin da ba sabis, in tana da ramin kebul ka jona na'urar gem ɗin a ciki kai tsaye.