Harbi uku

Sanyi ya fara shigowa jihar Ohio ta Amurka. Da asuba sai da na kankare gilashin mota kafin na kama hanyar filin harbi.

Masu bina sun san inda aka kwana: ni da kaina nake cika harsasaina, kuma har yanzu ina laluben awon albarushin da bindigar nan tawa, mai cin harsashin 6.5 Creedmoor, take so. Kwanso iri ɗaya, na kamfanin Lapua, kan harsashi iri ɗaya, albarushin kaɗai nake ƙarawa kaɗan-kaɗan, ba tare da na haura iyakar da littafin kamfani ya gindaya ba. Da giren ake auna albarushi, giren 7,000 ne a laba guda, ni kuwa a kan kashi ɗaya cikin goma na giren na raba dare ranar Alhamis ina fama da sikeli.

A yadi 100 wani awo ya yi min abin arziki. Harbi uku suka shige cikin juna, rami kusan guda. Wallahi har hoto na ɗauka. Na ciro takardar da na harba, na nufi bencin wani maharbi, Mai Gemu, ina washe baki.

Ya ɗaga tabarau ya duba. "Harbi nawa?" Na ce uku. Ya ce kowace bindiga tana iya yin sa'a sau uku, in zuba ashirin a wuri ɗaya sannan in zo mu yi magana. Ya juya ya ci gaba da goge bututun bindigarsa. Ko sannu.

Tun daga nan komai ya fita raina. Ta fuskar lissafi ba ni da ja: yawan harbi shi ke fito da ainihin warwatsuwar harsashi, uku kuwa ɓoye ta suke yi. Kuma ramin yadi 100 ba ya ba ka labarin yadi 1,000, inda ɗan bambancin gudu tsakanin harsashi da ɗan'uwansa ke jefa wannan sama, wancan ƙasa, alhali da'irar tsakiya a gasar harbin nesa ta F-Class inci 5 ce kacal. Duk na sani. Abin da ya ƙona min rai sauƙin da ya faɗi "ashirin". Mutumin da ya yi ritaya, ya jibge firema ('yar hular da ke kunna albarushi) tun kafin ƙarancinta na 2020, ni kuwa ɗari-ɗari nake saye. Ashirin ga kowane awo! Kowane harbi yana cin maƙogwaron bututu, kafin in gama gwajin nasa na cinye wani kaso na ran bindigar. Ga shi awon da ya yi ladabi cikin sanyin nan ba lalle ya yi shi a zafin Yuli a filin gasar harbi na Camp Perry ba, don zafi na ƙara wa albarushi matsi. Wato gwaji bisa gwaji ke nan.

Da la'asar Kawu ya kira. Na ba shi labari, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, mu da tafin hannu muke auna na bindigar toka, kuma ba mu taɓa dawowa daji ba nama." Na ce Kawu, barewa ai ta fi inci 5 faɗi. Ya ce in bar shi da boko.

Uwargida na son teburin gareji kafin Laraba. Auta na mura.

Gobe akwai walimar suna a Columbus, don haka babu fili. Goma zan cika na wancan awon, ba ashirin ba, kuma sai ranar da na tabbata motarsa ba ta nan.