Yadda na bi gida-gida ina tattara labarin Baba

Baba ya rasu a watan Afrilun 2020, lokacin nan da aka kulle Kano saboda korona dattawa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, duk wanda yake gari a lokacin ya san abin da nake faɗa. Mu ƙalilan muka kai shi maƙabartar Dandolo ana dab da kama azumi, ba zaman makoki irin wanda aka saba, gaisuwa duk ta waya aka yi ta. Mutumin da ba a taɓa fitar da gawa a layinmu ba ya sahun gaba ba, shi ne aka raka ba jama'a. Wallahi abin nan ya daɗe yana ci min rai.

Tela ne, shagonsa a jikin zauren gidanmu yake a cikin gari, keken Singer na ƙafa da dutsen guga na gawayi, har ya koma ga Allah bai yarda da keken lantarki ba. Da aka sassauta kullen abu na farko da muka yi shi ne maganar bashi, don ba a taɓa gado sai an biya bashi an cika wasiyya, yayanmu ya roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar magariba cewa duk mai bin Baba ko sisi ya zo. Waɗanda suka zo karɓa ba su da yawa, mai gawayi ne da wani ɗan Kantin Kwari da yake ba shi yadi. Amma masu kawowa sai ga su nan, wani ya ce kuɗin ɗinkin sallar yarana ne tun shekarun baya bai taɓa tambayata ba, wata tsohuwa ta aiko jikanta da kuɗi a ƙulle a leda. Muka duba littafinsa, da ajami yake rubutu, shafukan farko ma da fam da sule ne tun kafin a koma naira a 1973, sai muka ga sunaye da yawa ya ja musu layi ya rubuta na yafe a gefe.

To daga nan ne na ce jikokinsa ƙanana ba za su tashi da hoto kawai ba, na ɗauki waya na fara bin mutanensa ina naɗar muryarsu.

Abin da na fara ganewa, in ka ce wa dattijo ba ni labarin Baba, abin da za ka samu shi ne Allah Ya jiƙansa mutumin kirki ne, shi kenan an rufe. Sai ka kamo abu ɗaya takamaimai. Na ce wa amininsa, Baffa wai yaushe kuka fara zama a dakalin nan, ai kuwa ya ɓalle har aka kira la'asar bai gama ba, a bakinsa na ji cewa lokacin rikicin Maitatsine a Disambar 1980 mutanen da suka gudo daga wajen 'Yan Awaki a zaurenmu suka kwana kwana da kwanaki, Baba ya tura keken lungu ya shimfiɗa musu tabarmi. A gidan aka haife ni amma ban taɓa jin wannan ba. Kuma kar ka ɗora waya a gaban tsoho ba ka nemi izini ba, ka gaishe shi sosai, ka tafi da ɗan goro ko turare, ka bari shi ya kai zancen inda yake so.

Sannan mata. Gaskiya rabin labarin yana cikin gida, maza sun san shi a masallaci da wajen ɗaurin aure, amma su Gwaggo da Inna da maƙwabta su suka san gidan da yake aika wa hatsi da daddare a ce kar a faɗi daga inda ya fito, su suka san auren da ya hana mutuwa. Ƙanwata na sa ta shiga inda ba zan iya shiga ba. Wata Hajiya da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu ta ce mata duk sallah sai ya aiko a kawo yaran a gwada su, in ta yi maganar kuɗi ya ce ragowar yadi ne, alhali ita ta san sabo ya yanko.

Jikoki kuma nasu daban ne, 'yan matan duk amarensa ne mazan kuma abokan kishi, kullum ana faɗan wasa a kan wa zai ƙwace Hajiya kakarsu. 'Yata har yau tana da 'yar jakar allo da ya haɗa mata da ƙyallaye, na sa ta faɗa da bakinta na naɗa. Duk muryoyin na zuba su a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, na kuma ajiye a kwamfuta don waya ba abin yarda ba ce. Wanda yake da niyyar yin irin wannan don Allah kar ya ce sai an samu lokaci, cikin waɗanda na naɗa wasu sun riga sun bi shi.

Abin da kowa ya ambata, maza da mata, shi ne likkafani. Duk wanda ya rasu a unguwar ko tsakar dare ne Baba ake bugawa ƙofa, yana da alawayyo a ajiye a ƙasan teburin yanka, ya auna ya yanka bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Muka zauna da 'yan uwa muka ce wannan ba zai tsaya ba, yanzu yaronsa da ya koya wa ɗinki shi ke riƙe da shagon, mu kuma muna haɗa kuɗi a sayo bandir daga Kwari duk sanda ya kusa ƙarewa. Ranar Juma'a in an sauko nakan biya wajen Baffa mu gaisa, in na makara sai ya aiko yaro ya ji ko lafiya. Allah Ya jiƙan Baba da rahama, Ya kai haske kabarinsa da na iyayenmu baki ɗaya.